Hagu da Saura

Ruwan Sheffield ba ya sallama,
tun Litinin yake lasar tagar ajinmu.
Yara ashirin da shida, harsuna tara,
ni da alƙalamin allo guda, shi ma tawadarsa na shure-shure.

Rojin na zama jikin bututun ɗumama ɗaki.
Wata uku da zuwanta,
ban san muryarta ba sai a tari.
Na ba su aiki:
tuffa goma sha biyu a faranti, an ci biyar,
nawa suka saura?
Ta zana farantin, ta tsaga shi da layi,
ta ƙirga na gefe guda, ta rubuta shida.
Na shata mata jan biro, na wuce abina.

Sai da yamma, a gangaren Burngreave,
muryar waya ta ce in karya hagu,
gabana ya faɗi.
A Turanci, sunan hagu shi ne sunan saura.
An tambayi yarinya na hagu,
ta miƙo na hagu, cif.
Ni ne na auna ta da mudun da ba na kasuwarsu ba.

Harshen nan kura ne da fatar akuya.
Teburin cin abinci, shi ne jadawalin sau.
Debewa kuwa takwarar shagon kifi da dankali ce,
inda ake ƙunshe maka ka tafi gida.
Ashe abin da ya ba Yonas dariya ke nan ran nan,
ni ko na ɗauka raini ne,
har na tsai da shi a bakin ƙofa.

Na tuna aji uku a Malumfashi,
muna rera lissafi da bakin wasu, kamar aku,
Malam Ilu na kaɗa mana da tsumagiya.
Kakata Ige mai daddawa ba ta taɓa riƙe fensir ba.
Ashirin ba biyu, take cewa,
debewa na kwance a ƙarƙashin harshenta,
kuma ba a haifi mai cutar ta ko anini ba.

Washegari na zo da murafun gorar madara cike da leda.
Na kife littafi.
Na jera sha biyu,
na kwashe biyar, na zuba aljihu,
ban ce uffan ba.
Yatsu bakwai suka tashi daga jikin bututu,
a hankali, kamar tsiron gero bayan ruwan fari.
Na ce, da bakinku fa?
Heft, in ji ta, can ƙasa-ƙasa.
Shapte, in ji Ilinca daga baya.
Na ce bakwai,
aji ya tuntsire, wai nawa ya fi ban dariya.

Yanzu hannu ke shiga gaba, kalma ta biyo sawu.
Na manna ta sau biyu a bango,
ɗaya da hoton hannu, ɗaya da faranti.
Misis Oakden ta leƙo da takardarta,
ta ce mako biyu muke bin manhaja bashi,
jarrabawar Mayu kuma ba ta san murfin gora ba.
Gaskiyarta. Ban da amsa.
Na dai ce mata mai jiran ƙarshen layi bai ga farkonsa ba,
ta dube ni, ta rubuta wani abu.

Ran Juma'a Rojin ta fito allo da kanta.
Ta kafa rabawa a juye, irin ta makarantarsu,
baki ya buɗe zai ce ba haka ba,
na danne shi.
Amsa ta fito daidai.
Sai ta nuna nawa aikin da gindin alƙalami,
inda na manta ɗaya a riƙe,
ta haɗa jimlarta ta farko, kalma huɗu masu ɗingishi:
Malam, kai, nan, kuskure.

Da dare ina rataye kwat, na ji ƙwaras-ƙwaras.
Murafu biyar ɗin nan ne.
A aljihun hagu.